RANAR DA ZA A MIƘA WA ƊANKA ƘOƘO, BA KA WURIN



Kwanakin baya, bayan an tashi daga Misa ta safe, wata uwa ta tsaya a bakin ƙofar majami'a har jama'a suka watse, sa'an nan ta matso ta gaishe ni. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da waɗansu ƙwayoyi guda huɗu, ta ce a aljihun wandon makarantar ɗanta ta same su lokacin da za ta yi wanki. Yaron shekararsa goma sha uku, yana kuwa cikin masu yi mini hidima a bagadi. Ta ce, "Fada, yaron nan ban taɓa barinsa ya kusanci gidan giya ba. Ubansa ya sha ja masa kunne, har da bulala. To, ta ina wannan abu ya shigo mana gida?"

Da na kira yaron na tambaye shi a hankali, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce wani abokinsa ne ya ba shi, ya gaya masa maganin gajiya ne, wanda ya sha ba ya jin zafin noma, ba ya kuma jin kunyar yin magana a gaban mutane. Na ce, ko ka san sunansa? Ya ce tiramol. Na ce, ko ka san abin da yake yi wa jikin mutum? Ya girgiza kai. Na ce, a gida me aka gaya maka? Ya ce, "An ce kada in sha, amma ba a gaya mini dalili ba."

Wannan amsa ta yaron ita ce ta sa na rubuto muku. Abokinsa ya ba shi dalilin sha, ko da yake dalilin ƙarya ne. Mu kuwa, iyayensa da firist ɗinsa, ba mu ba shi dalilin ƙi ba. Mun ba shi doka, muka ɗauka mun gama aikinmu. Amma ku tuna, ranar da za a miƙa wa ɗanka ƙoƙo ko ƙwaya, a bayan aji, ko a gona, ko a wurin biki, kai ba ka wurin, bulalarka ma ba ta wurin. Abin da zai tsaya tare da shi a wannan sa'a shi ne abin da ya sani, da lamirin da aka gina masa, da alherin Allah. Saboda haka aikinmu shi ne mu koya masa yin zaɓi tun kafin ranar ta zo.

SHEKARUN DA AKE TANƘWARA ICCE

Waliyi Luka ya ba mu labari guda ɗaya tak game da ƙuruciyar Ubangijinmu bayan jarirantakarsa, wato sa'ad da yake ɗan shekara goma sha biyu, ya tsaya a Haikali a Urushalima, Maryamu da Yusufu suka yi ta nemansa har kwana uku. Da suka same shi, yana zaune a tsakiyar malamai, yana sauraronsu yana kuma yi musu tambayoyi. Malaman nan ba su kore shi don yaro ne ba. Uwarsa ta faɗa masa damuwar zuciyarta a fili, shi kuma ya amsa mata, sa'an nan ya bi su zuwa Nazarat yana yi musu biyayya. A cikin Iyali Mai Tsarki ma an yi tambaya an yi amsa, biyayya kuwa ba ta ragu ba.

Tsakanin shekara goma sha biyu da goma sha huɗu ne yaro ke shiga ƙaramar sakandare, waɗansu ma a kai su makarantar kwana. A lokacin ne maganar aboki take fara yi masa nauyi fiye da maganar gida. Masana aikin likita sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar ɗan adam ba ta gama nuna sai ya kai wajen shekara ashirin da biyar, sashen da ke bayan goshi kuwa, wanda ke auna sakamakon abu da kuma kame mutum daga garaje, shi ne na ƙarshen kammaluwa. Wannan shi ya sa yaro mai hankali a aji yakan yi wauta a cikin abokai. Shi ya sa kuma wanda ya fara shaye-shaye tun yana ƙarami ya fi shiga hatsarin zama bawan abin, fiye da wanda ya kai shekarun girma bai taɓa ba. Kowace shekara da yaro ya ƙara bai fara ba, riba ce babba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada wani ya ce wannan matsalar 'ya'yan birni ce. Tun a shekarar 1989 gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar NDLEA domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, amma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a shekarar 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan al'amari ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, ban da giya da taba. A cikin kowane mutum huɗu daga cikinsu kuma, ɗaya mace ce. Saboda haka maganar nan ta shafi 'ya'yanmu mata kamar yadda ta shafi maza.

MU FAƊA MUSU GASKIYA

Abu na farko da yaro ke bukata daga gare mu shi ne gaskiya, ba tare da ƙari ko ragi ba. Idan ka ce masa duk wanda ya kurɓi burukutu sau ɗaya zai haukace, gobe zai ga kawunsa ya sha ya tashi lafiya, daga nan ya zubar da dukan maganarka, har da wadda take gaskiya ce.

Ekklesiya ba ta koyar da cewa ruwan inabi mugun abu ne a kan kansa ba. Ubangijinmu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin aure a Kana, kuma kullum firist yana ɗaga ƙoƙon ruwan inabi a bagadi. Yaranmu suna gani da idonsu, za su kuwa yi tambaya. Abin da Ekklesiya ke koyarwa shi ne kamewa. Katikizim na Ekklesiya Katolika, wanda aka fitar a shekarar 1992 a zamanin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, ya yi mana gargaɗi a kan wuce gona da iri wajen abinci da giya da taba da magani, ya kuma bayyana cewa shan ƙwayoyi ba domin jinya ba babban laifi ne, gama yana lalata lafiya da rai. Maye yana ƙwace wa mutum hankali, hankali kuwa shi ne kyautar da Allah ya bambanta mu da dabbobi da ita. Waliyi Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. Ga yaro kuwa, wanda jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ke kan ginuwa, kamewa tana nufin ya bar giya gaba ɗaya.

Sa'an nan mu gaya musu abin da kowane abu ke yi, da sunansa. Giya tana shiga jini ta hau kai, ta fara raunana tunani tun kafin ƙafa ta fara tangaɗi, hanta ce kuma ke ɗaukar wahalar tace ta, har ta gaji ta lalace. Burukutu da fito da ogogoro da giyar kwalba, duk sinadari guda ne ke sa maye a cikinsu, ƙarfinsa ne ya bambanta. 'Yar ledar giya mai zafi da ake sayarwa da araha, wadda ke ɓuya a aljihun ɗan makaranta, ta ninka burukutu ƙarfi sau da yawa, shi ya sa a shekarar 2024 hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana yin ta. Giyar da ake haɗawa a ɓoye kuwa, irin su goskolo, mai shan ta bai san abin da aka zuba a ciki ba. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai ɗauke da sinadarin metanol, wanda ke makantarwa yana kuma kisa.

Tiramol magani ne na ciwo mai tsanani, likita ne ya kamata ya rubuta shi. Ba ya ƙara wa mutum ƙarfi, yana toshe jin gajiya da zafi ne kawai, jiki kuwa yana ci gaba da jigata. Idan aka sha da yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya tsai da numfashi. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na shekarar 2018, dangin wannan ne, yana rage numfashi, hatsarinsa kuma yana ƙaruwa ƙwarai idan aka haɗa shi da giya. Wiwi tana raunana riƙe karatu, ga waɗansu kuma takan buɗe ƙofar taɓin hankali, musamman waɗanda suka fara ta da ƙuruciya. Shaƙar sholisho ko fetur na iya tsai da zuciyar yaro ko da a karon farko ne. Ya kamata kuma yaro ya san yadda bautar take kamawa: jiki yana sabawa, abin da ya isa jiya ba ya isa yau, har a kai ranar da mutum zai sha domin kawai ya iya tashi daga shimfiɗa.

AIKEN DA MUKE YI WA YARANMU

Iyayenmu mata sun san Waliyiya Monika, wadda muke tunawa da ita ran 27 ga Agusta, uwar da ta yi shekaru tana zubar da hawaye domin ɗanta Agustin har ya tuba. Amma kaɗan ne suka san labarin ƙuruciyarta, wanda ɗan nata ya rubuta da kansa. A garin Tagaste, a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, an rene ta a hannun wata tsohuwar baiwa mai tsananin horo, wadda ko ruwa ba ta barin 'yan matan gidan su sha sai lokacin abinci. Duk da haka, da iyayenta suka riƙa aikenta ta ɗebo ruwan inabi daga ma'aji, sai ta fara ɗanɗanawa da bakin leɓe, don wasa kawai irin na yara. Kullum tana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ta kai tana shanye kusan ƙoƙo guda. Sai wata rana faɗa ya haɗa ta da wata baiwa da ke raka ta, baiwar ta kira ta 'yar mashayiya. Maganar ta soke ta, ta ga kanta yadda take, ta daina.

Ku duba, tsananin horon tsohuwar bai hana ba, domin tsohuwar ba ta cikin ma'aji. Ku duba kuma ƙofar da abin ya shigo: aike. Yara nawa ne a cikin ƙauyukanmu ake ba su galan a ce su je gidan burukutu su sayo wa baba? 'Yan mata nawa ne ke taya uwa dafawa da tacewa da raba wa masu sha? A wurin gayya, yaro nawa ake miƙa wa ƙoƙo a ce ya kurɓa don ya zama namiji? Na san akwai iyaye mata da sana'ar nan ce ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, ba kuwa don in kunyata su nake magana ba. Amma ina roƙonsu, saboda Allah, su raba yaran da tukunyar. Ku iyaye maza, idan yaro yana ganin ubansa yana dawowa gida da tangaɗi, kuɗin hatsi ya tafi mashaya, uwarsa tana kuka, wa'azin wane firist ne zai goge wannan karatu? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

YADDA ZA MU KOYA MUSU ZAƁI

A cikin littafin Daniyel mun karanta labarin samari huɗu da aka kwashe zuwa Babila, nesa da iyayensu, aka sa musu abincin sarki da ruwan inabinsa. Daniyel ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da su ba, bisa ga shari'ar Allahnsa. Abu uku nake so mu lura. Ya yanke shawara tun kafin a ajiye akushi a gabansa. Yana da abokai uku masu ra'ayi irin nasa. Ya kuma san yadda zai yi magana, gama cikin ladabi ya roƙi mai lura da su a gwada su da ganyaye da ruwa kwana goma. Waɗannan abubuwa uku za mu iya ba yaranmu.

Na farko, ku fara maganar da wuri, ku kuma riƙa maimaita ta. Kada ku jira sai an sami ƙwaya a aljihu. A hanyar gona, ko a gindin murhu, ko in an wuce wani da maye ya kayar a bakin hanya, ku tambayi yaro, "Me kake gani ya kai shi ga haka? A makarantarku akwai masu sha? Me suke cewa yana yi musu?" Sa'an nan ku yi shiru ku saurara. Yaron da aka daka wa tsawa a tambayar farko ba zai sake kawo ta biyu ba, zai kai ta wurin abokinsa.

Na biyu, ku koya masa tambayoyin da zai yi wa kansa in an miƙa masa abu. Mene ne wannan? Wane ne ke ba ni, mece ce ribarsa? Me ya sa ake ba ni a ɓoye? Zan iya sha a gaban uwata? Waɗanda suka fara shekara biyu da suka wuce, ina suke yanzu? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi ya sami garkuwa.

Na uku, ku gwada da shi yadda zai ƙi. Yara da yawa suna karɓa ne don ba su san abin da za su faɗa ba, suna tsoron a yi musu dariya. Uba ya zama kamar abokin, ya miƙa masa, yaro ya koyi cewa, "Na gode, ba na sha," ko "Na yi alkawari," ya tashi ya bar wurin. Ku ba shi izini ya fake da ku, ya ce a gida za a gane.

Na huɗu, ku san abokansa da iyayensu, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ku sa doka a fili, ku bayyana dalilinta, ku tsaya a kanta. Ku kuma yi masa alkawari cewa duk ranar da ya shiga matsala, ko shi ko abokinsa, ya zo ya faɗa, za a fara da ceto kafin hukunci. Ya san cewa wanda maye ya sumar ba a barinsa wai ya yi barci, ba a kuma ɗura masa manja ko madara. A kwantar da shi ta gefe guda, a kira babba, a kai shi asibiti nan da nan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon katikist su sa wannan darasi cikin shirin masu karɓar Sakramentin Ƙarfafawa, a gayyato ma'aikacin lafiya daga cikin 'yan majami'a ya amsa tambayoyin yara. A ƙasar Ailan, inda da yawa daga cikin firistocin da suka yi aikin bishara a ƙasarmu suka fito, an daɗe da al'adar yara su ɗauki alkawarin ƙin giya a lokacin Ƙarfafawa har su kai shekarun girma. Za mu iya yin haka, muddin yaron ya fahimci abin da yake ɗauka, ya kuma ɗauka da yardar ransa. Zumuntar Mata da ƙungiyar maza da ta matasa su duba yadda ake raba abin sha a bukukuwanmu na baftisma da aure da jana'iza, su kuma samar wa yara abin yi, ƙwallo da waƙa da koyon sana'a.

IDAN YARO YA RIGA YA FAƊI

Wataƙila wani mai karatu zai ce, "Fada, ka makara, nawa ya riga ya shiga." Kada ka fid da zuciya, kada kuma ka kore shi. Ka ƙi naka, duniya ta so shi, duniyar da za ta karɓe shi kuwa ita ce ta masu sayar masa. An yi wani mutum a birnin Dablin mai suna Matt Talbot, an haife shi a shekarar 1856. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya kama aiki a wurin masu sayar da giya, nan ya fara sha, ya zama bawanta har shekara goma sha shida, yana jinginar da takalmansa don ya sha. A shekarar 1884 ya je ya furta zunubansa, ya ɗauki alkawarin dainawa, ya riƙe shi da addu'a da Misa ta kullum har ya rasu a shekarar 1925. A shekarar 1975 Paparoma Bulus na Shida ya amince da nagartar rayuwarsa. Alherin da ya ɗaga shi bai ƙare ba. Amma ku haɗa addu'a da asibiti, gama wanda jikinsa ya saba ƙwarai yana bukatar likita ya lura da shi lokacin dainawa. Ɗaure yaro da mari da dukansa ba ya warkar da shi.

Ku kuma 'ya'yana, samari da 'yan mata, ga tawa gare ku. Wanda ya ce maka ba ka cika namiji ba sai ka sha, kuɗinka yake so, ko kuwa abokin faɗuwa yake nema. Ranka naka ne da na Allah wanda ya ba ka. Ka yi tambaya, ka nemi sani, ka yanke shawara tun yau. In kuwa ka riga ka ɗanɗana, ƙofar gidan Fada a buɗe take, kujerar furta zunubi kuma ba ta tona asirin kowa.

Yaron nan da na ba ku labarinsa har yanzu yana hidima a bagadi. Ubansa ya ajiye bulala ya zauna da shi, uwarsa kuma ta ce yanzu shi ne ke yi wa ƙannensa bayani. Ban ce yaƙi ya ƙare ba, za a sake miƙa masa, amma wannan karon ya san abin da ke cikin hannun mai miƙawa.

Bari Budurwa Maryamu da Waliyi Yusufu, waɗanda suka nemi Ɗansu har suka same shi, su yi roƙo domin iyalanmu. Allah Mai Iko Duka ya ba iyaye haƙuri da gaskiya, ya ba 'ya'yanmu hikima da ƙarfin zuciya, ya kuma sa muku albarka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Amin.